Uwar Umar da Mutanen da Ba a Ƙirga Ba: Tarken Tausayi a Littafin Shaihu Umar

Sau biyu na yi wa Shaihu Umar karatun natsuwa. Na farko ina aji uku a sakandare, inda na ɗauke shi labarin zamanin da, mai raƙuma da hamada da fataken Larabawa, na haddace sunayen taurarinsa domin jarrabawa, na ajiye. Na biyu a ƙarshen shekarar 2021 ne, kuma a lokacin babu wani abu a cikinsa da ya yi mini kama da zamanin da. A watan Fabrairun wannan shekara an kwashe mutum 42 daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, 27 daga cikinsu ɗalibai, kuma Kagara shi ne sunan garin da marubucin ya ba Umar a matsayin mahaifa. Kwana tara bayan haka aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, a ƙasar Talatar Mafara da ke maƙwabtaka da Anka, aka tafi da ɗalibai, aka sako 279 a farkon Maris. Ni daga Gwashi nake, a ƙasar Bukkuyum. A wurinmu labarin yaron da aka sace da uwar da ta fita nemansa labarin maƙwabta ne.

Saboda haka tambayar da na zo wa littafin da ita a karo na biyu ita ce: ta wace hanya yake sa mai karatu ya ji abin da wani yake ji, kuma wa da wa ya zaɓa a ji wa? Abin da na samu shi ne, littafin ya ƙware ƙwarai wajen shigar da mu zuciyar mutum ɗaya, ta hanyar da sau da yawa ake ɗauka rauni ce a zubinsa, sa'an nan ya shata wa wannan tausayi iyaka wadda har yau mu mutanen yammacin Zamfara ba mu ƙetare ta ba.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. An haife shi a 1912, wato bai fi shekara ashirin da ɗaya ko da biyu ba, kuma bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Ya kamata mai nazari ya riƙe a ransa cewa a lokacin bauta ba ta gama mutuwa ba. Dokar Turawa ta 'yantar da duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, amma sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya a Arewa. Masu karatunsa na farko suna zaune da tsofaffin da aka taɓa kamawa, da waɗanda suka taɓa kamawa, wani lokaci a gida ɗaya. Kalmar fansa, wadda muke ji kullum a rediyo yanzu, sun san ta da ma'anar nan tata ta yau.

Labarin sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, almajiri ya tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya kwance masa. Mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Bayan wani hari da aka kai domin kamun bayi, fadawa masu hassada suka yi wa Makau sharrin ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi daga gari. Kafin uwar ta bi mijinta ta je ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Kura ta cinye ɓarawon, yaron ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin Gumuzu, daga nan wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi Ber Kufa ta ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami a hannun Shaihu Mas'ud. Uwar ta fita nema, ita ma ta faɗa bauta, aka ƙetare hamada da ita zuwa Murzuk. Sun haɗu daga baya, ta rasu ba da jimawa ba.

Ƙorafin da na fi ji a bakin ɗalibai 'yan'uwana, kuma ni ma na taɓa yin sa, shi ne littafin yana da sanyi fiye da kima. Mutumin da aka raba da uwarsa yana ƙarami yana ba da labarin kamar mai lissafa zangunan fatauci, ba ya la'antar kowa, ba ya tsayawa ya yi kuka. Wanda ya saba da adabin yaƙi da bauta na ƙasashen Yamma zai fi jin wannan sanyi. Littafin Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe, wanda ya fito a Amurka a 1852, da ƙarfi yake matse hawayen mai karatu, kuma wannan matsa ce ta sa James Baldwin ya soke shi a wata maƙala a 1949, yana ganin yawan hawayen ya rufe mutumin da ake yi dominsa. Ɓalewa bai nemi hawaye ba, kuma ina ganin da ya nema da ya yi ƙarya a bakin tauraronsa. Malami dattijo a gaban almajiransa ba zai fashe da kuka ba. Abin lura ne cewa a cikin halaye goma da Kirk-Greene ya lissafa wa mutumin kirki a 1974, akwai haƙuri da kunya da mutunci, amma babu tausayi. Ba don Bahaushe bai san shi ba. Muna da tausayi da jinƙai da juyayi da jaje da kara. Sai dai waɗannan duka a aiki ake nuna su, da sawun ƙafa zuwa gidan da abin ya faru, da zaman shiru a tabarma. Wanda ya cika faɗin yadda abin ya taɓa shi a gidan makoki, akan ce yana neman a gan shi ne.

To ina aikin yake a littafin? A ganina yana cikin abin nan da ake yi wa kallon kuskuren zubi. Umar ne mai ba da labari, da bakinsa, amma sai ga shi ya bar kansa ya bi uwarsa, yana faɗin abubuwan da suka same ta a wuraren da bai je ba, a shekarun da yake can Masar yana biya allo. Mai tarken da ya riƙe ƙa'idar cewa mai ba da labari da bakinsa ba ya ganin bayan bango zai ce matashin marubuci ya manta wa ke magana. Ni ban ga mantuwa ba. Abin da Umar zai iya samu na tarihin uwarsa bai wuce abin da ta faɗa masa a ɗan taƙin da suka yi tare ba, da abin da ya tsinta a bakin mutane. Sauran shi ya cike. Mutumin da ke zaune a Rauta ya yi shekaru yana bin sawun matar nan a zuci, zango bayan zango, yana tambayar kansa me ta ji da aka ce mata yaron ya ɓace, me ya sa ta yarda da mutumin da ya yaudare ta, yaya ta kwana ranar da ta gane ita ma ta zama kaya. Ba ya gaya wa almajiransa cewa ya ji mata. Yana ba su hanyarta ne su bi da ƙafarsu.

Kuma a lura da bambancin nauyin sassan biyu. Rayuwar Umar kansa tafiya ce daga hannu zuwa hannu, kusan kowane lokaci wani ne ke ɗaukarsa, kura ta kuɓutar da shi, ma'aurata suka tsince shi, Balarabe ya so shi. Bai zaɓi komai ba sai da ya girma. Uwar ce kaɗai a littafin take yanke shawara da kanta tana biyan farashinta. Labarin bai nuna mana wani ɗa nata ba sai shi, kuma mun san abin da al'ada ta ɗora wa mace game da ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Matar da aka horar ta ɓoye son ɗanta ita ce ta fita daga gida ta bi shi har bayan hamada. Marubucin bai yi sharhi a kan wannan ba ko kaɗan, domin ya san masu karatunsa ba sa bukata.

Akwai tambayar da ba ta taɓa rasa mai yin ta a aji ba: me ya sa ta bar yaron ta tafi ganin gida? Ni ma na yi ta ina sakandare, har da ɗan jin haushi. Yanzu tambayar tana ba ni kunya, domin na ji an yi mana irinta. A 2010, lokacin da ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta gano gubar dalma ce ke kashe yara a Dareta da Abare na ƙasar Anka da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu, kuma duniya ta tausaya wa yaran. Iyayen kuwa tambaya aka bi su da ita: me ya sa kuke niƙa dutsen zinari a tsakar gida, inda yara ke rarrafe? Me ya sa wasunku suka ɓoye mace-macen? Tambayoyin suna da amsa ga wanda ya zauna ya saurara. Mutanen ba su san dutsen yana ɗauke da guba ba. Mata da ke cikin kulle a gida kaɗai za su iya yin aikin. Abin da buhun dutse ke kawowa gonar gero ba ta kawo shi. Kuma suna tsoron in maganar ta fita a hana su haƙar da ita ce cinsu. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Yau ma haka ake tambayar wanda aka kama a gona me ya kai shi gona. Tausayin da ke tsayawa a kan wanda ba shi da laifi ko kaɗan, irin jariri, abu ne mai sauƙi. Umar, wanda shi ne aka bari, bai taɓa tuhumar uwarsa da barinsa ba, kuma yadda ya tsara labarin ya nuna ziyarar bankwana ce irin wadda kowace mace za ta yi kafin ta bi miji wata ƙasa.

A watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, na bi mahaifiyata jaje gidan wata dattijuwa da aka tafi da ɗanta daga gona. Kafin rufewar ana kiranta a ji muryarsa, bayanta shiru. Mata suna shigowa suna cewa, “Sai haƙuri, Inna, Allah ya bayyana,” tana amsawa da amin. Wata ta ƙara da cewa ai ta rage tunani, tun da ƙaddara ce. Dattijuwar ta dube ta ta ce, “'Yar nan, haƙurin nawa ne, bar ni in yi shi da kaina.” A ranar na fahimci abin da ya raba haƙurin Umar da haƙurin da ake zargin littafin da koyarwa. Masu cewa Shaihu Umar wa'azin miƙa wuya ne ga zalunci sun haɗa abu biyu. Akwai haƙurin da mai ciwo ya kai kansa gare shi bayan shekaru, akwai kuma wanda baƙo ke miƙa masa domin a gajarta zaman. Na Umar na farkon ne. Bai taɓa ɗora wa uwarsa shi ba. Bai ce da ta zauna a ɗakinta ta dangana da ya fi ba.

Zuwa nan yabo nake yi, kuma da zan tsaya da na ci amanar littafin. Mu koma farkonsa, wurin harin. Sarki ya tura mutanensa ƙasar Gwari, sun dawo da bayi, kuma duk hankalin labarin yana kan Makau: an yi masa ƙazafi, an ci mutuncinsa a fada, an raba shi da gidansa. Mai karatu yana jin zafin wannan zalunci, kuma an so ya ji. Amma mene ne abin da ake jayayya a kansa? Adadin mutane. Ko Makau ya kawo duk waɗanda ya kama, ko ya rage wasu. Gaskiyarsa, wadda muke tausaya masa dominta, ita ce bai ɓoye wa sarki ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya rabo da gidajensu ba. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da uwa, kuma ba mamaki wata daga cikin uwayen ta fita nema kamar yadda uwar Umar za ta fita bayan 'yan shafuka. Littafin bai bi ta ba ko taki ɗaya.

Haka abin yake ga Abdulkarim. Shi ne mutumin da ya fi kowa kyautata wa Umar, kuma fataucin bayi ne ya kawo shi ƙasar Hausa. Ya dubi yaro ɗaya ya ga ɗa, ya dubi sauran ayarin ya ga dukiya, kuma labarin ya bar shi da wannan ido biyu ba tare da ya tambaye shi ba. Abin ya fi nauyi in aka tuna wanda ke magana. Umar malamin fiƙihu ne a ƙasar da Risala ta Ibn Abi Zaid take cikin littattafan farko da almajiri ke sauka, kuma a babin ciniki an hana raba baiwa da ɗanta wajen sayarwa har sai yaron ya yi famfara. Mutumin da rayuwarsa gaba ɗaya ta ginu a kan raba uwa da ɗa ya san wannan hukunci, ya karantar da shi, amma baƙin cikin da labarinsa ke ɗauke da shi na 'ya'ya ne Musulmi da aka bautar ba bisa haƙƙi ba. Waɗanda ake kira arna a lokacin suna bayan shinge.

Ana iya kare marubucin da cewa ya bar wannan giɓi da gangan ne domin mai hankali ya gani. Na so in yarda, musamman da yake shi kansa ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa yana hidima ne a gidan hakimi, kuma akwai ɗaci a yadda ya zana fada da fadawa. Sai dai ban ga wata alama a cikin rubutun da ke juyo da idonmu ga mutanen Gwari ba, kuma bai dace mai tarke ya ara wa marubuci niyyar da shafi bai nuna ba. Abin da na fi gaskatawa shi ne ya rubuta muryar zamanin da gaskiya, har da inda ba ta gani. Muna da shaida a kan wannan murya. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama danginta aka fanso su, da alhini sosai, alhali gidansu na da rinji cike da bayi, kuma ba ta ga wani karo tsakanin abubuwan biyu ba. Ba muguwa ba ce. Tausayinta na da zurfi, faɗi ne ba shi da shi, kuma haka na Umar yake.

Wannan ne ya sa littafin ya fi tayar mini da hankali fiye da duk wani rahoto. A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai kusan 200. Na ji zafin wannan jayayya, domin ta mai da mutanen da muka sani adadi, kamar yadda aka yi a fadar Kagara. Amma in zan yi adalci, mu ma muna da waɗanda ba ma ƙirgawa. Shekarun da 'yan sa-kai suka yi suna kama Fulani a kasuwanni suna kashewa ba tare da shari'a ba, da rugagen da aka ƙone, ba kasafai ake ambaton su a zaman jajenmu ba, kamar yadda na tabbata ba a ambaton matattunmu a nasu. Kowane ɓangare yana da uwar Umar tasa, wadda ya san hanyarta zango-zango, yana kuma da mutanen Gwarinsa. Faɗin haka ba wanke mai garkuwa da mutane ba ne. Gumuzu azzalumi ne ko an san yadda aka yi ya zama Gumuzu ko ba a sani ba. Magana ce a kan matar da ke ruga, wadda ba ta taɓa riƙe bindiga ba, da ko akwai wurinta a labaran da muke rubutawa.

Na karanta gajerun labarai da dama da matasanmu ke rubutawa a kan wannan masifa, har da nawa na farko da ban nuna wa kowa ba. Mafi yawansu sun bi hanyar Stowe: jini da kururuwa, da mugu wanda ba shi da fuska. Ba na ganin laifin mai ciwo in ya yi ihu. Amma ta fuskar fasaha, saurayin 1933 ya riga mu sanin cewa mai karatu ya fi jin abin da aka bar shi ya isa gare shi da kansa. Dabarar tana nan a hannunmu: mai ba da labari ya sauka daga kan kansa ya bi sawun wani, ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa, ya kame bakinsa daga hukunci. Ɓalewa ya yi amfani da ita a kan mutum ɗaya, uwar tauraronsa, wadda ita ce mafi sauƙin so. Babu abin da ke cikin dabarar da ya hana a bi da ita ta ƙofar da shi bai shiga ba.

Haɗuwar uwa da ɗa a ƙarshe gajeriya ce ƙwarai, har nakan ji ɗalibai suna cewa an cuce su, bayan doguwar jira. Ta gan shi ya zama mutum, malami, ta rasu. Shi kuma ya ci gaba da tafiya, guguwar rairayi ta binne ayarin da Abdulkarim a ciki, ya tsira ya iso Rauta. A karatun farko na ɗauka gaggawar mai son rufe littafi ce. Ɗan dattijuwar nan ya dawo bayan an sayar da gona da shanun huɗa biyu, a rame, ba ya son magana. Mahaifiyata ta ce da ya shigo gidan uwar ba ta tashi ba, ba ta kira sunansa ba, ɗan fari ne. Ta dai ce wa ƙanwarsa ta ɗora ruwan zafi, sa'an nan ta juya fuskarta bango.